Waƙar Mahaifina da Kwandon Sharar Kwamfuta

Allah Ya jiƙan mahaifina. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, shi ne kuma ya koya mini abin da ake yi da takarda idan ta ɓaci. A zauren gidanmu na Gwandu akwai wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, an kifa mata ƙwarya. Duk shafin da tawada ta zube masa, ko aka tsallake layi a cikinsa, nan yake shiga. Ba a yaga shi, ba a yar da shi, domin babu shafin da muke rubutawa wanda ba ya ɗauke da sunan Allah ko salatin Annabi. Idan tukunyar ta cika sai a ƙone abin da ke ciki, a binne tokar a gindin darbejiya inda ƙafa ba ta takawa. Da wannan na tashi, da shi kuma na shiga shagon kwamfuta a Kalgo ina da furfura a gemu, na jawo wa kaina wahalar wata biyar.

Mahaifina ya bar wata doguwar waƙa da ajami, kan haƙƙin maƙwabtaka tsakanin manomi da makiyayi. Warƙa, wato falle, goma sha tara ce, ba a ɗinke ba, kamar yadda littattafanmu suke. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalma guda da ake rubutawa a ƙasan kowace warƙa, wato kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Wata damina gara ta shiga gafakar da aka ajiye ta a ciki, ba ta ci ko'ina ba sai gindin takardun. Ta cinye waɗannan kalmomi kaf, ta haɗa da baitoci a nan da can. Aka bar ni da waƙa wadda ban san gabanta da bayanta ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya haddace ta: Gwaggo, ƙanwar mahaifina. A lokacin ƙafa ta daina ɗaukarta, sai dai a fito da ita inuwa a kan tabarma. Wata rana ta kira ni ta ce, “Jikokinmu duk boko suka iya. Ka mayar musu da waƙar yayana yadda za su karanta. Ina son in ji ta cikakkiya, daga bisimilla har tammat, kafin a kira ni.” Na ce in sha Allahu. Na zauna kusa da ita kwana da kwanaki, tana rerawa ina jera warƙoƙi, ina kwafewa da boko a littafin makaranta.

Rubutuna na boko kuwa, ni kaina ba na yabonsa. Sai Gwaggo ta ce in aika wa ɗiyarta ta buga. Ɗiyar nan tata tana aure a Kalgo. Ta shekara goma sha tana buga tafireta a wani ofis, sannan ta buɗe shagon buga takardu a ƙofar gidansu. Shekara biyu ko uku kafin shekara ta dubu biyu, mijinta ya kawo mata kwamfuta daga kudu. Taubashiyata ce, ɗiyar mace ni ɗan namiji, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana madaidaiciya ba. Tana ce mini bawanta, ina ce mata baiwar gidanmu, har yau ba a yanke hukunci ba.

Daga Gwandu sai na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, in sake wata zuwa Kalgo. Ranar farko na tarar ta gama buga abin da na aiko. Ta ce, “Bawana, matso ka ga aikin zamani, ka daina shafa wa mutane tawada a riga.”

Na matsa. A fuskar gilashin akwai wasu ’yan jakunkuna rawaya, irin fayil ɗin ofis, kowace ba ta wuce farcen babban yatsa ba. Ta ce waƙar tana cikin ɗaya. Na ce to. Ta ce za ta sa mini ita a faifai in tafi da ita, ta zura wani baƙin abu mai kusurwa huɗu a bakin na’urar, ta danna abin nan mai wutsiya da take kira ɓera. Wani ɗan kalangu ya fito ya tsaya. Ta ce idan na ga kalangun nan, na’urar tana tunani ne, kada in yi mata magana.

Sai ga jaka biyu sun bayyana, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ina kallo, wallahi, takarda ta fito daga ta hagu, ta tashi sama, ta wuntsila a iska, ta faɗa ta dama. Wata ta biyo ta. Wata ta biyo.

Ban san lokacin da na kama bayan kujerarta ba. Na ce, “Tsaya! Tsayar da shi! Wata guda muka yi da Gwaggo muna jera su, kin bar su suna tashi kamar an buɗe taga?”

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, “Malam, zauna kada ka kayar mini da fanka. Ba abin da ke tashi. Zane ne.”

“Ina gani da idona kina ce mini zane ne?”

“Kwalliya ce. Wanda ya ƙera abin ya sa ta don kada irinku su yi gyangyaɗi.”

Ban yarda ba. Na sa ta sake, na ƙirga. Warƙata goma sha tara ce, amma takarda bakwai kaɗai na ga ta tashi. Na ce ina sauran sha biyu? Ta sake a karo na uku, aka samu tara. Ta buɗe jakar farko, waƙa tana nan ba ta motsa ba. Ta buɗe faifan, ga ta nan ma, a jere, ba abin da ya ɓace. To wannan wane irin kwafi ne? Mu idan muna kwafar littafi, uwar tana gefe a ajiye, ’yar tana fitowa daga bakin alƙalami layi bayan layi, kowa yana ganin inda aka kai. Wannan kuwa yana nuna maka takarda ta bar gida alhali tana gida, yana nuna maka bakwai alhali sha tara ce. Na ce mata wanda ya zana abin nan bai taɓa kwafar ko Fatiha ba. Ta ce za ta aika masa da saƙona.

Na kai wa Gwaggo abin da aka buga, na karanta mata. Ta tsayar da ni wajen sau ashirin. Nan an sa wannan kalma a madadin waccan, nan an haɗe baiti biyu. Na yi alama da jan biro, na koma Kalgo bayan mako biyu.

Taubashiyata ta yi gyaran a sabon kwafi, ta ce, “To, tsohon ba shi da amfani, bari in cire shi.” Kafin in ce wani abu ta danna. A kusurwar gilashin akwai hoton wani ɗan kwando, na ɗauka ado ne. Sai ga shi ya bayyana a dama, jakar a hagu, takarda ta tashi ta wuntsila ta faɗa cikinsa.

Na ce, “Wancan mene ne?”

“Kwandon shara.”

Na yi salati. Na ce, “Ke! Shafin farko bisimilla ce. Baiti uku na farko sunayen Allah ne a jere. Kwandon shara?”

“Malam, ba kwando ba ne na gaske. Ka taɓa gilashin ka ji.”

“Fito da ita.”

Ta danna, ta fito da ita, tana girgiza kai. Na ce, “Kin gani? Kin ce babu kwando, ga shi kin sa hannu kin ciro abu daga cikinsa. Wancan karon kin ce tashin takarda ƙarya ne, amma waƙar ta shiga faifai. Idan tashin ya kai ta faifai, to wannan tashin ya kai ta shara. Zaɓi ɗaya.”

Ta dube ni ta ce, “Allah Ya sa Inna ta san irin bawan da ta aiko mini.” Ta buɗe kwandon don ta nuna mini ba komai, sai ga shi cike da takardun neman aiki da sanarwar ɓatan akuya da wasiƙun mutane. Na ce a cikin waɗannan za ki cusa sunan Ubangiji? Na kafa mata sharaɗi: duk abin da ya shafi waƙar nan, mai kyau ko ɓatacce, ba ya shiga kwandon. Ta ce jakarka ce, ka tara har ta fashe.

Haka aka yi. Duk zuwan da na yi da sabon gyara, sai ta yi sabon kwafi ta bar tsohon. Na farko sunansa waƙa. Na biyu waƙa sabuwa. Sai waƙa sabuwa biyu, sai waƙa ta ƙarshe, sai ta ƙarshe gyararriya, sai wani da ta sa wa suna Malam ya sake dawowa. Shida suka zama, a jere cikin jaka ɗaya, kowanne da hoton ’yar farar takarda iri ɗaya sak. Abin nan ya fi komai ba ni haushi. Takardar hannu tana faɗa maka shekarunta. Tsohuwa ta yi ja, gefenta ya lanƙwashe, akwai inda yatsa ya bar maiƙo, akwai inda ka kankare da reza. A cikin gilashin nan kuwa ta jiya da ta wata uku duk fes suke kamar ’yan biyu ranar suna. Mutumin da ya sami lokacin koya wa takarda wuntsilawa a iska bai sami lokacin sa tsohuwa ta yi kama da tsohuwa ba.

Gyara biyu manya suka zo daga baya. Na ɗaya, Gwaggo ta gane mun sa warƙa ta sha biyu gaban ta sha ɗaya. Na biyu ya fi. Akwai wurin da gara ta ci baiti guda ɗungurungum, ita ma ta yi ta nema a ranta ya ƙi zuwa. Sai wata safiya wata mai tallar nono daga wajen Dodoru ta shigo ta roƙi ruwan sha. Gwaggo tana kallonta tana sha, sai ta ɗaga hannu ta ce a kira ni maza. Baitin ya dawo. Magana ce kan wanda ya gina rijiya, cewa ba ya tambayar saniya mai ƙishirwa ko ta wane ce. Ta rera shi sau uku, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce wannan baitin ne mahaifina ya fi so. Na rubuta, na kai Kalgo a wani zuwa dabam, ranar da shagon ya cika da masu jiran takardu, ga wuta tana zuwa tana tafiya.

Babbar Salla ta matso, ’yan uwa za su taru. Muka shirya a buga guda talatin a raba. Taubashiyata ta ce wanne? Na ce na ƙarshe mana. Ta buga, ta ɗinke su da allurar ƙarfe, na rungumo su zuwa Gwandu ina jin kamar na sauke dutse. Na duba shafin farko da na ƙarshe a mota, na ga daidai. Tsakiya ban duba ba. Ni da aka koya wa bin kwafi layi-layi kafin a ce tammat, ban duba ba, saboda abu ya fito daga inji fari tas, sai zuciyata ta ɗauka ba ya kuskure.

Kashegarin Salla bayan la’asar aka fito da Gwaggo tsakar gida. Ga dangi daga Malisa, ga na Dangoma, ga ƙamshin suyar nama. Aka raba takardu, kowa ya riƙe tasa. Na fara karantawa, tana bi da leɓɓanta, idonta a rufe. Na wuce rabi, ina jin daɗin muryata. Sai ta buɗe ido.

“Ina rijiya?”

Na duba. Na juya shafi, na dawo. Babu baitin rijiya. Daga baitin shinge sai aka tsallaka zuwa na girbi.

Ta ce, “Kai ɗan nan, mi ka kawo muna?”

Wani kawunmu ya ce wataƙila injin ne ya sha ruwan. Ba wanda ya yi dariya sai shi. Gwaggo ta sa aka tattara takardun aka ajiye a gabana. Da mutane suka watse na zauna na yi mata bayanin komai, da jaka, da kwando, da guda shidan da na hana a taɓa. Na yi zaton za ta yaba mini.

Ta ce, “Shekara nawa ka yi kana kallon tukunyar ubanka?”

Na ce tun ina rarrafe.

“Ka ga ya taɓa mayar da ɓatacciyar warƙa cikin gafaka, kusa da mai kyau? Yana girmama ta, amma fitar da ita yake yi nan take, don kada gobe hannu ya ɗauko ta. Kai ka tara ɓatattu biyar da mai kyau ɗaya a jaka guda, ka ce ibada kake yi. Tahi ka gyara. Ni ban da wata Sallar da na ajiye a ɗaki.”

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni jira a gama hidimar Salla. Da safe na kama hanya. Na isa Kalgo babu wuta. Janaretan mijinta ya ƙi tashi. Na zauna a benci ina jan carbi har azahar, taubashiyata tana gefe tana cin soyayyen nama tana cewa ai ta faɗa mini. Ta faɗa mini sau goma sha ɗaya, na ƙirga, kuma wannan ƙirgar ta fi ta takardun gaskiya.

Da aka kawo wuta muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ɗan kalangun ya gama tunaninsa. Abin da muka tarar ya fi abin da na zata muni: babu cikakke ko ɗaya. Gyaran jerin warƙoƙi yana cikin na shida. Baitin rijiya kuwa, ranar nan ta cunkoso, wuta ta ɗauke ta dawo, ta buɗe na huɗu tana zaton na ƙarshe ne, ta zuba shi a can. Na ce laifinki ne. Ta ce, “Bawana, duba su. Rantse ka nuna mini wanne ne wanne.” Na duba fararen ’yan takardun nan shida, na kasa rantsewa.

Ta ɗauko baitin ta sa shi a mazauninsa cikin na shida. Wannan karon na sa ta buga guda ɗaya tak, na zauna da littafina da warƙoƙin mahaifina na bi shi kalma-kalma har la’asar ta yi. Ya cika.

Sai ta ce, “To sauran biyar fa? Ko a bar su su haihu?”

Barinsu ba zai yiwu ba, Gwaggo ta gama wannan maganar. Kwandon kuma ba zan iya ba, har yanzu ba zan iya ba. Na ce ko a zuba su a faifai in je in ƙone? Ta ce ko ka ƙone faifai goma na cikin na’urar suna nan, ba kai ka ce tana nuna tafiya alhali ana gida ba? Ta ɗan yi tunani tana taɓa haɓa. Ta ce, “Tsaya ka ga wani abu.” Ta danne wani maɓalli da ɗan yatsan hagu, ta danna wani da na dama. Na’urar ta yi tambaya, ta amsa mata.

Jakar ta bayyana a hagu. A dama babu kwando, babu komai. Takarda ta fito, ta tashi, tana kaiwa tsakiya sai ta ɓace cikin wani ɗan jan tartsatsi kamar na ashana.

Na ce, “Ina ta tafi?”

“Babu. Ba ta biya ta kwando ba, ba kuma a iya dawo da ita.”

“Wato ta ƙone.”

“Idan haka ya yi maka daɗi, Malam, ta ƙone.”

Na dube ta da kyau. Na ce, “Ke baiwar gidanmu, tun yaushe kika san wannan?”

Ta ce, “Tun ranar da aka kawo injin.”

“Wata biyar ina hawa mota biyu zuwa, biyu komawa!”

“Ka tambaya? Kai da ka shigo kana koya wa Bature kwafi?”

Na so in yi magana, na tuna ranakun Salla ne, na haɗiye. Na san tartsatsin nan ma zane ne, ɗan uwan kwandon, hannu ɗaya ya zana su. Na sani sarai. Amma na sa ta yi sauran huɗun a hankali, ɗaya-ɗaya, ina yin bisimilla kafin kowanne, tana taya ni da “amin” irin ta tsokana. Guda ɗaya ya rage a jakar. Na ce ta sa masa suna waƙa kawai.

Kashegari da hantsi na zauna gaban Gwaggo, mu biyu sai kaji. Na karanta daga bisimilla. Da na iso rijiya ta ɗaga hannu, na zaci wani kuskuren ne, ashe so take in maimaita. Na maimaita sau uku. Muka tafi har tammat. Ta shafa fuska ta ce, “Alhamdu lillahi. Yau na ji yayana.”

Guda talatin ɗin nan na farko na cusa su a tukunyar zaure, suka cika ta har baki, na ƙone su da yamma na binne tokar a gindin darbejiya. Aka buga wasu talatin daga guda ɗayan da ya rage, aka aika wa dangi. Gwaggo ta rasu bayan an cire gero a shekarar, Allah Ya haskaka kabarinta.

Amma kafin nan, kwana tara bayan an raba sababbin, ta aiko a kira ni. Ta ce ta yi tunani, a baiti na arba’in ba “garke” yayanta yake cewa ba, “shanu” yake cewa. Ta ce ko zan leƙa Kalgo?

Na ce, “Gwaggo, a’a.”

Na fere alƙalami, na dama tawada, na bi dangi gida-gida, Gwandu da Malisa da Dangoma, ina karɓar takardar kowa ina soke kalmar, ina rubuta gyaran a gefe da ajami. Wadda ke hannuna har yau da wannan gyaran take, kuma ko daga bakin ƙofa na hango ta na san ita ce.